Ranar da Guduma Ya Hana a Kashe Rauta

Duk wanda ya gaisa da yayana sai ya sake duban hannunsa. Yatsu uku na hannun dama sun karkace kamar cokali mai yatsu da mota ta bi ta kai, ba ya iya dunƙule su. In yara suka tambaye shi, sai ya ce kyauta ce aka ba shi a wurin aiki. To ku gyara zama in ba ku yadda aka yi kyautar, kamar yadda na ji ta daga bakinsa da bakin tsohon da abin ya fara faɗawa a kansa.

Tun yana ɗan shekara goma sha biyar ake kiransa Guduma, ba kuwa don yana ƙira ba. Mahaifinmu ya rasu da wuri, ya bar mu da Inna a ɗaki biyu, shi kuma Yaya ya ɗauka cewa gadon da aka bar masa shi ne dukan duk wanda ya harare mu. Ba ya jiran a gama kawo ƙara. Kana cewa "wane ne ya..." ka ga takalminsa ɗaya a bakin ƙofa, shi ya riga ya kai titi. Inna ta yi kuka, ta yi addu'a, ta karya muciya biyu a bayansa, amma kamar ana zuba ruwa a kwando.

Ni ce sanadin mafi munin abin da ya aikata, ko da yake ba da nufi ba. Wata rana na dawo gida da fasasshen leɓe da yagaggen hannun riga. Ya ce ina aka yi mini haka. Na ce, "A shagon tela..." Iyakar abin da ya ji ke nan. Kafin in haɗiye kukan in ƙarasa, ya isa shagon. Ya jawo telan ta saman keken ɗinki, ya buga kansa da ƙarfen keken, ya ɗauki dutsen guga ya ɗora masa a gefen kunne. Mutum biyar ne suka ɓanɓare shi. Alhali wani mai karɓar ɗinki ne ya hankaɗe ni, telan kuwa shi ne ya ɗaga ni ya share mini jini da ƙyalle. Telan ya rasa haƙora huɗu da jin kunnen hagu. Yaya ya yi shekara ɗaya da wata biyu a gidan yari. Da ya fito, sai ya daina bin layin telan, ya riƙa zagaye ta bayan makaranta ko da kuwa sauri yake yi.

Aikin da ya fara samu na ƙarfi ne, huda bango da jan wayoyi ta cikin rufi, a ƙarƙashin wata mata da kowa ke kira Injiniya. Gajeriya ce, mai tabarau, muryarta ba ta wuce tebur. Wata rana suna aiki a wani ofis, rauta ta tsaya, wato akwatin nan mai fitilu da ke raba wa saƙonnin kwamfuta hanya. Injiniya ta fita amsa waya. Yaya ya ga dama ta samu ya nuna shi ma ya iya. Ya ɗaka wa akwatin tafin hannu, da bai ji ba sai ya zare filogi ya mayar. Abu ya tashi. Ta dawo ta tarar da shi yana washe baki.

"Me ya same ta?" in ji ta.

"Ta tsaya, na tashe ta."

"Na ce me ya same ta."

Ya sosa ƙeya.

"Ba ka sani ba, ni ma yanzu ba zan sani ba. Ka kashe mai shaida ke nan, malam. Duk abin da ya faru tana riƙe da shi a ka, tana ƙirgawa. Ka ɗauke mata wuta, ta manta. Gobe za ta sake tsayawa, ka sake marinta, haka za ku yi ta yi har ɗayanku ya mutu."

Ya ce wannan magana ta tsaya masa a wuya kamar ƙayar kifi, don fuskar tela ya gani. Daga ranar ya roƙe ta ta koya masa. Ta ce sharaɗinta ɗaya ne, hannu a aljihu sai an gama tambaya.

Abin da ya fi ba shi wuya, daga baya kuma ya fi ƙwarewa a kai, shi ne abin da suke kira maltikas. Yadda ya bayyana mini shi ne, kyamara ɗaya ce amma allunan kallo goma ke son hotonta. Maimakon ta aika sau goma, sai ta aika sau ɗaya, rauta ta kwafa ta miƙa wa duk wanda ya ɗaga hannu ya ce yana so. Hoton kuma ba dunƙule yake tafiya ba, yanka shi ake yi ƙanana-ƙanana, ƙunshi bayan ƙunshi.

Injiniya ta ce in hoto ya ɓace, tambayoyi huɗu ake yi wa rauta, a jere. Ta farko a rubuta show ip igmp groups, ma'ana su wa suka ce suna so. Ta biyu show ip mroute, ta wace ƙofa hoton ke shigowa, ta waɗanne yake fita. Ta uku a ƙara count a ƙarshen wannan, sai ta faɗi ƙunshi nawa ta wuce da su, nawa ta zubar. Ta huɗu show ip rpf, ita ce mai daɗin. Rauta tana da wani hali irin na tsohuwa mai tsaron gida. In ta san hanyar gidanka ta gabas take, sai ka ɓullo mata ta yamma, ba za ta karɓi saƙonka ba ko da ta san fuskarka. Zubarwa za ta yi, ta rubuta cewa ta zubar. Tambaya ta huɗun ita ke nuna ƙofar da take sa ran ganinka.

"Wannan ai halin Inna ne," in ji Yaya. "In na shigo ta katanga ba ta ba ni abinci."

Shekara shida ya yi da Injiniya, sannan ya samu aikin kansa a wani babban wurin ajiyar kaya, irin mai sito-sito a jere, get huɗu, manyan motoci na shiga suna fita, 'yan lodi sun fi ɗari. Shi ke kula da wayoyi da kyamarori da rautar da ke wani ɗan ɗaki mai sanyi, jikin ɗakin da ake kallon alluna. Ya yi aure, ya haifi 'yan mata biyu da ke hawa wuyansa suna ja masa kunne. Shekara tara yana wurin bai ɗaga wa kowa hannu ba. Sunan Guduma dai ya bi shi, amma 'yan wurin sun ɗauka saboda faɗin kafaɗarsa ne.

A get na huɗu akwai wani tsoho mai gadi da kowa ke kira Baba. Siriri ne, ga tsabta, kullum da biro a bayan kunne. Shi kaɗai ne cikin masu gadi ke ɗauko tsani ya hau ya goge kashin tsuntsu daga gilashin kyamara, ba tare da an sa shi ba. Wannan kirkin nasa shi ya kusa kai shi lahira.

Ranar da abin ya faru, da safe wajen ƙarfe tara, Yaya ya gama haɗa wata sabuwar waya da aka ja zuwa ɓangaren get na huɗu. Ya rubuta wa rauta layi ɗaya tak, cewa daga yanzu hanyar zuwa na'urorin wancan ɓangaren ta sabuwar waya ce. Ya gwada kwamfutar get, tana aiki. Ya gwada wayar tebur, tana ƙara. Yana shirin yin tambayoyinsa huɗu sai Manaja ya aiko a kira shi, wai injin buga takardu ya cinye masa takarda. Ya ce bari ya je ya dawo. Daga injin takarda aka ja shi ofishin ma'aji, daga can zuwa sito na biyu. Bai yi tambayoyin ba. Bai ma adana layin ba, yana nan dai a kan rauta kamar rubutun alli.

Ita kuwa kyamarar get na huɗu ta ci gaba da turo hotonta ta tsohuwar waya kamar kullum. Rauta kuma yanzu ta sabuwar take jiranta. Sai ta shiga zubarwa. A ɗakin kallo allon bai yi baƙi ba, tsayawa ya yi a kan hoton ƙarshe, get a rufe, fili fayau. Mai kallon alluna ya leƙa ya ga lafiya lau, ya koma kan shayinsa. Na'urar da ke naɗar hotuna ma a ɗakin take, abin da bai iso ba kuwa ba ta da yadda za ta naɗa.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi, wata tirela ta yi baya a get na huɗu ta matse wani ɗan lodi da bango. Waɗanda ke kusa sun ce ƙarar ƙashin kamar an taka busasshen kwali. Direban ya leƙo ya ga abin da ya yi, ya taka mota ya fice, ya tafi da rabin ƙyauren get. Wanda aka matse ɗin ƙanin Ciyaman ne, wato shugaban 'yan lodi, uwa ɗaya uba ɗaya. Aka sa shi a bayan wata mota ƙafafunsa na lilo, aka nufi asibiti.

Ciyaman ya shigo ɗakin kallo da jinin ƙaninsa har gwiwar hannu, ya ce a nuna masa lambar motar. Mai kallon alluna ya danna, ya sake dannawa. Get a rufe, fili fayau, agogon kusurwar hoton yana kan tara da minti goma sha biyu. Sai wani daga baya ya ce ai da safe ya ga Baba a kan tsani yana taɓa kyamarar.

Shi ke nan, an gama shari'a. Suka kwarara get na huɗu. Naushin farko a baki aka yi wa tsohon. Suka ce direba ya saye shi, ya zare wayar kyamara. Wani ya hau tsanin ya tarar da waya a maƙale daram, ya sauko ya ce to mayar da ita ya yi da ya ga asirinsa zai tonu. Suka ja shi a ƙasa tun daga get har ɗakin kallo, tafiyar da ta kai tsawon filin ƙwallo, ana tafe ana sauke masa katakon da ake jera kaya a kai, irin mai ƙusoshi. Hularsa ta tsaya a wani wuri, takalminsa a wani wuri. Yana ta motsa baki yana faɗin wata kalma, jini ya hana ta fita, babu kuma mai saurare.

Yaya yana sito na biyu ya ji hayaniyar. Da ya iso, ya tarar ɗakin ya cika da mutane da warin gumi, Baba a yashe a ƙasa kamar tsumma, ido ɗaya ya rufe ruf, wani ya taka masa wuyan hannu. Manaja ya maƙale a kusurwa, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Yawwa, ga mai na'ura," in ji Manaja. "Guduma, kashe abin nan ka kunna, hoto ya dawo, ko hankalinsu ya kwanta."

"Bari in duba tukuna, ranka ya daɗe."

"Wane irin dubawa? Kullum ba haka ake yi ba?"

Yaya ya ratsa ya shiga ɗan ɗakin sanyi, ya jona laftof ɗinsa da rauta, ya ɗora a kan kujera. Mutane suka biyo shi har bakin ƙofa. Tambaya ta farko ta nuna alluna na nan suna neman hoton get na huɗu. Ta biyu ta nuna ƙofar shigowa ba wadda ya saba gani ba ce. Ya ce tun a nan ya fara zargin kansa. Ta uku ta nuna abin da aka wuce da shi ya tsaya cik, abin da aka zubar kuwa ya haura miliyan uku da rabi. Bai buƙaci ta huɗu ba. Ya san wanda ya yi.

Ya kuma san wani abu da babu wanda ya sani a ɗakin. Layin nan bai adana shi ba. In aka zare filogi aka mayar, layin zai goge, hoto zai dawo, ƙirgen zai koma sifili. Kowa zai ce ka gani, tsohon ya mayar da wayar, na'ura ce kawai ke jiran a tashe ta. Babu mahalukin da zai taɓa sanin Guduma ya taɓa wani abu. Manaja da kansa ke ba da umarnin. Abin da ake nema daga gare shi kawai ya matsa gefe. Ya ce ya tuna 'yan matansa, ya tuna gidan haya, sannan ya ji an sake sauke wa Baba katako a waje, tsohon bai ma yi ƙara ba.

Wani ƙato cikin 'yan lodin ya gaji da jira, ya miƙa hannu zai fizge filogin daga bango. Yaya ya riga shi. Ya dafe filogin da hannun dama, ya danne shi cikin soket, ya juya bayansa ga ƙofa.

"Ba mai kashe ta," in ji shi.

"Kai ma da kai aka haɗa baki ke nan?"

"Ku kira mini Ciyaman."

Amsar da ya samu sandar ƙarfe ce, irin wadda suke ɓalle akwatuna da ita, a tsakiyar kafaɗa. Aka ƙara masa a haƙarƙari. Wani ya shaƙo wuyan rigarsa ta baya yana ja, wani na harbin bayan gwiwarsa don ya durƙusa. Ya durƙusa ɗin, amma hannun na nan a bango. Ya gaya mini cewa a lokacin tsohon Guduma ya taso masa har maƙogwaro. Ya auna su da wutsiyar ido, ɗakin ƙunci ne, mutum biyu kawai ke iya shigowa a lokaci guda, ya san zai iya kwantar da shida kafin su kai shi ƙasa. Amma duka da hannu ake yi, hannun kuwa yana da aiki. Sai ya sunkuyar da kai ya bar musu bayan.

Ciyaman ya ratso, ya karɓi sandar daga hannun mai dukan. Idonsa ya kaɗa jawur, muryarsa kuwa a kwance, abin da ya fi ihu ban tsoro.

"Ga ni. Ƙanina yana can ban san ko yana numfashi ba. Ka faɗi abin da za ka faɗa."

"Kana da agogo?"

"Wasa za ka yi da ni?"

"Ciyaman, kai ke ƙirga buhu dubu ba ka ɓata ɗaya ba. Dubi wannan lambar." Da hannun hagu ya danna, jini na ɗiga daga hancinsa kan madannan. "Wannan adadin guntayen hoton da kyamarar Baba ta aiko ne, na'urar nan ta karɓa ta zubar. Riƙe lambar a ka. In minti ɗaya ya cika ka gaya mini."

Ban san abin da ya sa Ciyaman ya yarda ba. Wataƙila don an ba shi abin ƙirgawa ne, mutum kuwa in duniya ta rikice masa yakan kama abin da ya iya. Ya dubi agogo. Daga waje numfashin Baba na fita da wata ƙara kamar tsohon famfo. Da minti ya cika Yaya ya sake danna tambayar.

"Ta ƙaru da dubu goma sha biyu," in ji Ciyaman. "Da ɗoriya kaɗan."

"To aika wani ya zare wayar kyamarar da gaske."

Aka aika mutum biyu da gudu, ɗaya ya kira ta waya ya ce an zare. Yaya ya danna sau uku, lambar ba ta motsa ba. Aka ce su mayar. Jim kaɗan ta ci gaba da hawa.

"Ka gani, in an zare ba ta ƙirgawa. Yanzu raba duka lambar da dubu goma sha biyu."

Leɓen Ciyaman ya yi ta motsi. "Minti ɗari uku da wani abu. Awa biyar."

"Daga tara da minti goma sha biyu zuwa yanzu awa nawa ne?"

Ciyaman ya juya ya dubi ƙafar da ke kan wuyan hannun Baba, mai ƙafar ya janye ta a hankali.

"Ko na minti biyar aka zare wayar nan, da lissafin bai cika ba," in ji Yaya. "Tsohon nan gilashi ya goge. Da kun kashe na'urar, da wannan lambar ta tafi, da shi ma ya tafi."

Da a nan maganar ta tsaya, da yau yayana yana da yatsunsa. Amma Ciyaman ba wawa ba ne.

"Ka ce ta karɓa ta zubar. Me ya sa take zubarwa?"

Yaya ya ce ya yi tunanin ya ce musu na'ura ce, haka take yi wani lokaci. Da sun yarda, don wa ya san abin da ke cikin akwati? Sai dai in ba a samu mai laifi ba, gobe wani zai ce ai tsohon ya san wata dabara. Ya rubuta tambaya ta huɗu da yatsa ɗaya, ya juya allon.

"An gaya mata ta jira hoton ta sabuwar waya, shi kuma ta tsohuwar yake zuwa. Shi ya sa."

"Wa ya gaya mata?"

"Ni. Da safe. Na manta ban duba ba."

Manaja ya ce, "Innalillahi," can ƙasa-ƙasa.

"Wato saboda kai," in ji Ciyaman, "wanda ya niƙa ƙanina ya tafi, ba mu da ko lambarsa."

"Saboda ni."

Hannun yana nan a kan filogi, a shimfiɗe a bango kamar an ajiye shi don haka. Ciyaman ya ɗaga sandar ya sauke. Sau uku. Robar filogin ta tsage a ƙarƙashin yatsun, amma wutar ba ta ɗauke ba. Yaya ya ce na farkon ne kawai ya ji, sauran biyun ƙararsu ya ji. Bai rama ba, bai kuma saki ba. Da Ciyaman ya ɗaga na huɗu, sai aka ji murya daga ƙasa. Wani ya ba Baba ruwa ya kuskure baki, kalmar da yake ta fama da ita tun daga get ta samu fita.

"Littafi," in ji Baba. "Lambar tana littafina. Duk motar da ta shiga ina rubutawa."

Littafin yana nan a kan bencinsa a get na huɗu, biro a tsakiya, lambar tirelar ce ta ƙarshe a shafin, har da lokacin shigarta. Minti arba'in suka yi suna dukan mutumin da ke riƙe da abin da suke nema, ba wanda ya tambaye shi. Ciyaman ya saki sandar ta faɗi a kan siminti. Ɗaya bayan ɗaya suka zare jiki suka fice, kowa na kallon ƙafarsa.

Kafin a kai shi asibiti Yaya ya ce a dakata. Da hannun hagu ya goge layin da ya rubuta da safe, ya sake tambaya ta uku, ya ga lambar wucewa ta fara hawa. A ɗakin kallo hoton get na huɗu ya motsa, ga karyayyen ƙyaure, ga tsani a yashe, ga hular Baba a tsakiyar fili. Sai a lokacin ya yarda aka ɓanɓare hannunsa daga bango.

An kama direban kafin faɗuwar rana. Ƙanin Ciyaman ya rayu da ƙafa ɗaya. Baba ya rasa idon hagu, haƙarƙarinsa uku sun karye, bai sake komawa gadi ba. Mutum bakwai aka gurfanar saboda dukansa, har da Ciyaman. Yaya ya ƙi shigar da ƙarar hannunsa, Inna ta yi faɗa har ta gaji. Wurin aikin kuma suka sallame shi, a takardar suka rubuta sakaci, ya ce ba su yi ƙarya ba. Injiniya ce ta sake ɗaukarsa. Da ta zo duba shi a asibiti ta daɗe tana kallon bandejin, sannan ta ce, "Tambaya huɗu, malam. Minti biyu ne." Ya ce ya sani. Ta ce ta san ya sani, ta ajiye masa lemo ta tafi. Yanzu shi ke koya wa sababbin ma'aikatanta, da yatsa biyu yake bugawa, kuma an ce duk wanda ya kai hannu ga filogi a gabansa sai ya ji labarin Baba daga farko har ƙarshe, ko yana so ko ba ya so.

Baba kan zo gidanmu lokaci-lokaci, jikarsa na riƙe da hannunsa. Su zauna a tsakar gida shi da Yaya, mai ido ɗaya da mai hannu ɗaya, suna tsokanar juna a kan wanda ya fi wani asara. Baba ya ce shi aƙalla yana iya cin abinci da dama. Yaya ya ce shi kuma yana ganin abin da yake ci.

Ranar da aka kwance wa Yaya bandeji, ya ce in raka shi wani wuri. Muka fita, sai na ga bai zagaya ta bayan makaranta ba, ya miƙe layin tela. Shekara goma sha shida rabonsa da wurin. Telan ya tsufa, kekensa dai shi ne. Yaya ya ajiye yadi a kan tebur, ya yi sallama, ya faɗi wata magana a hankali. Telan ya juyo da kunnen dama.

"Me ka ce?"

"Na ce ka yafe mini. Kuma riga nake so."

Telan ya dube shi, ya dube ni, ya gane mu sarai. Sannan idonsa ya sauka kan hannun.

"Wa ya yi maka wannan?"

"Wani ne da bai tsaya ya ji ƙarshen magana ba."

"Suna da yawa," in ji telan. Ya zaro abin awo daga wuyansa. "Ɗaga hannun in auna. A hankali, kar ka fama."